Dutsen da Ya Rasa Mai Ba da Labarinsa

*Daga Bugaje zuwa Yankari: yadda tsofaffin matsugunai suke komawa “abin al'ajabi”*

A cikin gandun dajin Yankari, a ƙasar Bauchi, akwai wani dutse a gaɓar rafi da ake kira Tunga Dutse. An sassaƙa wasu zane-zane masu kama da rubutu a jikinsa, sun ci tsawon kimanin mita 4. Baƙon da ya gama kallon giwaye, ya yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, sannan ya nemi a kai shi wurin, amsa ɗaya yakan samu in ya tambayi wanda ya yi zanen da abin da yake nufi: ba a sani ba. Sai ya ɗauki hoto, ya jinjina kai, ya koma mota yana murna ya ga abin al'ajabi.

Ɗaruruwan kilomita daga can, a yammacin birnin Katsina, ƙasar da ta tashi daga Jibiya ta gangara Ruma da Runka tana da nata duwatsun, da kukoki masu shekaru, da kufai. A nan Bugaje take, cikin ƙaramar hukumar Jibiya, kusa da iyakar Nijar. Direban da ya ɗauko kaya zai tsallaka Magama ya nufi Maraɗi ba ya rage gudu saboda tarihi, kuma babu motar masu yawon buɗe ido da ke zuwa. Amma sunan Bugaje yana cikin jerin tsofaffin matsugunan da masana ke ambata in ana zancen ƙasar Katsina kafin birninta ya yi ƙarfi.

Wuraren nan biyu labari ɗaya suke ɗauke da shi, ɗaya yana tsakiyarsa, ɗayan ya kai ƙarshe. Dutse yana zama abin al'ajabi ne ranar da ya rabu da mutanen da suka san shi. Tarihin arewacin Nijeriya ya nuna yadda rabuwar take faruwa, mataki bayan mataki, kuma akwai alamun tana sake faruwa yanzu a ƙasar Jibiya.

Abin da dutse yake kafin mutum ya zo

Ta fuskar halitta, duwatsun ƙasar Hausa ba su da wani ɓoyayyen sirri. Yawancin baƙaƙen duwatsu masu sulɓi da ake gani daga Zariya zuwa Gusau, da Dutsin-Ma, giranit ne. Narkakken dutse ne da ya daskare can ƙarƙashin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, a lokacin da manyan ɓangarorin doron ƙasa suka yi karo suka haɗe. Na tsaunukan Jos sun fi su ƙuruciya ƙwarai, shekarunsu ba su kai miliyan 200 ba. Ruwa da zafi sun yi ta cin dutsen ta wuraren da ya tsage yana binne, suna mayar da shi ƙasa. Da zaizaya ta kwashe ƙasar, sai abin da ya gagara ya fito fili ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar sarari.

Inda tsagun suka yi nisa da juna, sai a sami dutse ɗaya dunƙulalle mai kama da kifaffiyar ƙwarya, bayansa yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Inda suka yi kusa, sai a sami manyan duwatsu sun hau kan juna kamar wani ne ya jera su, har mutum ya rantse iska mai ƙarfi za ta ture na sama. Layukan baƙi da fari da ke gangarowa a jikin wasu, sawun ruwan sama ne da ƙananan halittun da ke rayuwa a kan hanyarsa.

Ba duka ne giranit ba. Dala da Goron Dutse na Kano marmara ce mai tama ta rufe kansu. Na Yankari kuwa dutsen yashi ne, mai taushin da ƙarfe zai iya sassaƙa shi, shi ya sa aka iya haƙa ɗakuna da rijiyoyi a cikinsa. A wajen Jibiya tsohon dutsen yana dab da nitsewa: da an matsa arewa zuwa Maraɗi sai yashi ya rufe shi. Wannan bayanin masana ƙasa sun gama shi tuntuni. Tambayar da ta rage ta mutane ce.

Me ya kai mutum gindin dutse

Dutse babba rufin kwano ne da Allah ya kafa a daji. Ruwan da ya zuba a kansa ba ya nitsewa, yana gangarowa ya taru a gindi, don haka ƙasar gindin dutse takan riƙe laima bayan ta sarari ta bushe, kuma rijiya ba ta nisa. Ramukan da ke kansa suna ajiye ruwa har cikin rani. Daga samansa ana hango ƙurar mahaya tun suna nesa, kuma doki, wanda shi ne ƙarfin mayaƙan wancan zamani, ba ya hawa fa mai sulɓi. Inda aka yi sa'a akwai tama kusa, maƙera sun sami abin yi, manomi ya sami fartanya, maharbi ya sami kibiya.

Dalili na ƙarshe shi ne wanda ya fi nauyi a zukatan mutanen da. Kafin Musulunci ya kafu, Hausawa sun ɗauka manyan iskoki suna zaune a duwatsu da manyan itatuwa. Wanda ke kula da wurin tsafin yana da iko a kan jama'a, kuma wurin da aka yarda yana da tsari yakan jawo baƙi. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya wallafa wata maƙala a kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, inda ya kauce wa ɗora komai a kan zuwan Bayajidda. Ya nuna yadda ƙauye ke zama gari, gari ya zama birni, a wuraren da suka haɗa ƙasar noma da tama da hanyar fatauci da dutsen da ake girmamawa.

Kano ce misalin da kowa ya sani. Littafin tarihin sarakunan Kano ya fara ne da Dala da Barbushe da tsafin Tsumburbura, kafin ya zo kan Bagauda. Binciken ƙasa ya ƙara wa labarin ƙarfi, domin an sami murhun narkar da tama a gindin Dala wanda awo ya kai shekarunsa ƙarni na 7 na Miladiyya. A Zazzau, ganuwa ta kewaye Kufena, kuma Turunku, inda ake danganta Bakwa, tsakanin duwatsu take. A Kwatarkwashi, wadda yau take cikin jihar Zamfara, dutsen ya yi suna da tsafin Magiro da bikin kamun maiki. A Birnin Kudu akwai zanen shanu marasa tozo a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, irin shanun da yau ba a kiwo a yankin, tare da duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa in an buga su. Bernard Fagg ya rubuta labarinsu a tsakiyar shekarun 1950. Ko sunayen garuruwa sun isa shaida: Dutse, Dutsin-Ma, Dutsi.

Abin lura shi ne babu mai kiran Dala abin al'ajabi. Yaron Kano ya san Barbushe tun yana firamare. Dala ta tsira da labarinta ne saboda mutanenta ba su taɓa barin gindinta ba, kuma wani malami ya zauna ya rubuta abin da ya ji.

Bugaje da 'yan uwanta

Ƙasar Katsina ba daga birni ɗaya ta faro ba. Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Zariya a 1981, ya nuna cewa kafin birnin Katsina akwai cibiyoyi da dama, kowace da masu ikonta da wurin tsafinta: Durɓi ta Kusheyi a gabas, Bugaje a yamma, Kwatarkwashi da 'Yandoto da Kwiambana can kudu maso yamma. Labaran baka suna ambaton zuriyar Durɓawa, daga Kumayau har zuwa Sanau, wanda Korau ya kayar ya karɓi mulki. A ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Korau, aka sami sarauta guda da ta tattara waɗannan wurare ƙarƙashin birni ɗaya, Musulunci ya shiga fada, fataucin Sahara ya buɗe. Birni ya ja malamai da fatake da masu sana'a, tsofaffin cibiyoyi suka koma garuruwan gefe. Ba a shafe su gaba ɗaya ba, domin har yau Durɓi yana cikin masu zaɓen Sarkin Katsina.

Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani, ta nuna abin da ke kwance ƙarƙashin irin waɗannan wurare. Tuddai ne na ƙasa da mutanen wurin suka ce kaburburan sarakunan farko ne. A 1907 jami'in mulkin mallaka H. R. Palmer ya haƙa wasu daga ciki, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 masu bincike daga Jamus tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya suka sake haƙawa. An sami 'yan kunne na zinariya, da tasoshin tagulla, da awarwaron hauren giwa, da duwatsun ado da wuri, kayan da wasunsu suka fito daga ƙasashe masu nisa. An gyara su a birnin Mainz kafin a dawo da su gida. Labarin da tsofaffi suka riƙe ya tabbata: manyan mutane ne aka binne a wurin, masu hulɗa da duniya tun ƙarnoni da suka wuce.

Darasin a fili yake. Masu haƙa sun san inda za su sa shebur ne saboda mazauna wurin sun riƙe sunan, kuma sunan kansa yana cewa kusheyi. Da an tarar da tuddan a dajin da ba kowa, da sai a ce wasu tuddai ne masu ban mamaki. Bugaje tana jeri ɗaya da Durɓi ta Kusheyi a littattafan tarihi, amma sunanta bai yi tafiyar da na Durɓi ya yi ba. Abin da ke riƙe da tsohon labarinta shi ne mutanen da ke zaune a kanta: manomin da garmarsa ke tono kasko da kashin maƙera, da tsohuwar da ta san dalilin da ya sa ba a sare wata bishiya, da mai unguwar da ya san inda tsohon gari ya tsaya.

Yadda gari ke komawa daji

A 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Sarkin Haɓe Magajin Haladu ya rasu a Ɗankama. Ragowar gidan sarautar suka fake a Damagaram, daga baya, wajen 1819, Ɗan Kasawa ya kafa sabuwar hedikwata a Maraɗi. Daga nan aka sami Katsina biyu, kowace tana cewa ita ce ta gaskiya, kuma ƙasar da ke tsakaninsu ta zama filin daga. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar Gobir da Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke, amma yaƙin bai ƙare ba. Zamanin Ɗan Baskore, a tsakiyar ƙarnin, hare-haren Maraɗi sun yi ta kaiwa har cikin ƙasar Katsina da ma gaba.

Talakan da ke tsakani shi ya sha wuya. In ya bi wannan, wancan ya ƙone masa rumbu. Wanda ya iya ya koma gari mai ganuwa ko ya hau dutse, saura suka watse. Gona in ta shekara goma ba a nome ta ba, daji ce. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya taso daga Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, ya ratsa daji mai haɗari da ayari ke bi cikin tsoro, ya wuce kufan Ɗankama. Ƙasar da ya gani a matsayin daji, shekara hamsin kafin nan garuruwa ne da gonaki. Dajin Rugu, wanda sunansa ke firgita mutane a yau, ya yi kauri ne a wannan zamani na yaƙi, a kan iyakar da ba mai iya zama.

Haka ta faru a kudu. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, hare-haren Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa Kwantagora, da na ɗansa Ibrahim, sun daidaita ƙasashen Gwari da Kamuku. A ƙasar Bauchi ma ƙananan al'ummomi sun yi ta neman mafaka daga masu kamun bayi.

Da Turawa suka zo, abu biyu suka ƙara. Na farko iyaka: yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, da aikin kafa alamomi da ya biyo baya, suka mayar da tsohuwar gabar Katsina da Maraɗi layi a taswira. Na biyu saukowa: da hare-hare suka lafa, mutanen kan duwatsu suka gangaro bakin hanya da kasuwa, wasu don kansu, wasu da matsin hukuma mai son karɓar haraji cikin sauƙi. Dutsen da ya tsare kakanni ya zama wurin da ake nunawa da yatsa daga nesa.

Daji ya zama gandu

Ma'aikatan daji na mulkin mallaka sun tarar da manyan filaye ba kowa, suka ɗauka haka Allah ya halicce su. Dokokin gandun daji na 1916 da 1937 sun ba da damar keɓe irin waɗannan wurare, En'e-En'e suka yi ta shata su. Wurin da yaƙi ya kora mutane, doka ta zo ta hana su komawa.

Kamuku, a ƙasar Birnin Gwari, an keɓe shi a 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. Takardun talla suna ambaton abubuwa uku: magangarar ruwa ta Dogon Ruwa, da wani dutse mai sulɓi mai zanen baƙi da fari da shi ma ake kira Goron Dutse, da Tsaunin Rema, tarin manyan duwatsu da suka hau kan juna, cike da remaye. Gandun yana ɗauke da sunan wata al'umma, Kamukawa, waɗanda tarihinsu na zaman kan duwatsu ne. Yana kuma maƙwabtaka da dajin Kwiambana, sunan da ke cikin jerin tsofaffin cibiyoyin Katsina. Duk da haka, abin da ake tallata wa baƙo shi ne siffar dutse da dabbar da ke cikinsa.

Yankari ta fi fito da abin fili. An amince da keɓe ta a 1956, aka buɗe ta ga jama'a ranar 1 ga Disamba 1962, ta zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan ta koma hannun jihar Bauchi a 2006. A cikin murabba'in kilomita 2,244 da ake kira gidan giwaye akwai rijiyoyin Dukkey sama da 130, an haƙa su cikin dutse, suna haɗe da juna ta ƙarƙashi. Akwai murahun narkar da tama masu yawa a Shau Shau, wasu na tsaye har yau. Akwai ɗakuna 59 da aka fafe a jikin dutsen yashi, masu ƙaramar ƙofa da sai an rarrafa, waɗanda ake kyautata zaton mafaka ce daga masu kamun bayi. Mutanen da suka haƙa rijiya sama da ɗari, suka narka ƙarfe da yawa haka, al'umma ce mai tsari da shugabanci da kasuwa. Amma kogunan nan sunan da suke amsawa a yau shi ne na P. J. Marshall, wanda ya ba da rahotonsu a 1980. Wanda ya rubuta ya sami suna, waɗanda suka fafe dutsen da hannunsu sun rasa nasu.

Wannan ce amsar tambayar Tunga Dutse. Ranar da aka sassaƙa zanen nan akwai wanda ya san ma'anarsa, akwai ɗansa, akwai maƙwabcinsa. Sarƙar ce ta tsinke, kuma ba a tashi tambaya ba sai bayan masu amsa sun watse.

Abin da wasu ƙasashe suka koya

Tsarin gandun daji na ƙasa daga Amurka ya samo asali, da Yellowstone a 1872, kuma tun daga can aka gina shi a kan tunanin cewa daji na ainihi shi ne wanda babu mutum a cikinsa, ko da kuwa sai an hana 'yan asalin wurin shiga. Ƙasashe da dama sun ɗauki tsarin, daga baya suka gane abin da ya ɓatar.

A Zimbabuwe, duwatsun Matobo suna da dubban zane-zanen mutanen da, da wurin ibada na Njelele da ake zuwa roƙon ruwa. Cecil Rhodes ya zaɓi a binne shi a can a 1902, aka mayar da wani ɓangare gandu, aka fitar da mazauna a tsakiyar ƙarni na 20. Masanin tarihi Terence Ranger ya rubuta littafi sukutum a 1999 a kan muryoyin mutanen da aka fitar. Da UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya a 2003, dangantakar mutane da duwatsun ce hujjar.

A Ostireliya, babban jan dutsen da wani Bature ya laƙaba wa suna Ayers Rock a 1873 ya koma hannun al'ummar Anangu a 1985, da sunansa na asali, Uluru. A watan Oktoba na 2019 aka hana hawansa bisa buƙatarsu. Baƙi ba su daina zuwa ba. Abin da ya sauya shi ne yanzu masu wurin ne ke faɗin abin da kowane kogo da kowace tsaga take nufi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma ya san inda aka binne cibiyarsa.

Abin da ke shirin salwanta

A ƙasar Jibiya abubuwa uku ne suke cin wannan gado a lokaci guda.

Na farko rashin tsaro. Jibiya da Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu, kuma shekaru ke nan 'yan bindiga suna tashin ƙauyuka. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka katse a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina. Tun 2019 dubun dubatar mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka, wasu suka cika garin Jibiya da birnin Katsina. Asarar rai da dukiya ita ce babba, babu mai musun haka. Amma akwai wata asarar da ba ta shiga lissafi. Dattijon da ya rasu a gidan haya a bayan gari ya tafi da sunan kowane dutse da kowace fadama ta ƙauyensu, kuma jikansa da ya tashi a birni ba zai san inda zai nuna ba. Abin da ya faru zamanin Ɗan Baskore yana maimaita kansa a ƙasa ɗaya, kusan a kan layi ɗaya. Kamuku kuwa ya daɗe da zama wurin da mai yawon buɗe ido ba ya tunkara.

Na biyu nakiya. Gini yana son tsakuwa, titi yana so, layin dogo ya fi su so. Layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairu na 2021, ta Katsina da Jibiya zai bi. Aiki ne mai amfani, kuma dutse ba ya ƙarewa a ƙasar Hausa. Sai dai ba kowane dutse ne tsakuwa kawai ba. Dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi da kayan gado a 1979, da dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, sun ba da hurumin a duba wuri kafin a fasa. Duban kwana biyu tare da mai unguwa ya isa a gane dutsen da ke da zane ko kufai a gindinsa. Abin da ya shekara miliyan 600, tifa tana iya kwashe shi cikin 'yan watanni.

Na uku kunya. Da yawa daga cikin masu ilimi suna ƙyamar zancen duwatsun nan saboda yana tuna Maguzanci. Amma sanin abin da kakanni suka yi daban, komawa gare shi daban. Wanda ya rubuta tarihin sarakunan Kano Musulmi ne, da Larabci ya rubuta, kuma bai tsallake Barbushe ba. Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri, ya bayyana ƙasashen Hausa da al'adunsu da labaran asalinsu. Malaman da suka kawar da tsafi su ne suka adana labarinsa, domin sun san ba a gane darajar inda aka iso sai an san inda aka fito. Waiwaye adon tafiya ne.

A watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandun daji na ƙasa guda 10, ciki har da Falgore a Kano da dajin Kogo a jihar Katsina. Wata rana, in Allah ya kawo zaman lafiya, za a kafa ƙofa, a ɗauki ma'aikata, a rubuta allunan bayani. Abin da za a rubuta a allunan ya dogara ga aikin da aka yi yanzu, tun masu sani suna raye. Aikin kuwa ba ya buƙatar jiran daji ya lafa, domin mutanen da suka san dajin suna cikin gari. Katsina tana da sashen tarihi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, akwai jami'ar tarayya a Dutsin-Ma, akwai gidan tarihi a cikin birni, Maraɗi tana da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ɗalibi ɗaya da waya mai ɗaukar murya zai iya zama da dattijon Bugaje ko na Ruma, ya tambaye shi sunan kowane dutse, da wanda ya fara zama gindinsa, da abin da ake yi a wurin, da shekarar da aka bari. Tsallaken iyaka ma akwai rabin amsar, domin zuriyar waɗanda suka bar ƙasar a ƙarni na 19 suna can da nasu labarin.

Tunga Dutse ya riga ya yi shiru, sai dai masu haƙa da masu awo su gwada abin da za su iya cetowa. Duwatsun yammacin Katsina kuwa har yanzu suna da masu magana da yawunsu, kuma yawancinsu sun tsufa.